Kira Daga Nesa: Tarihin Yadda Manhajojin Yanar Gizo Suka Buɗe Ƙofofinsu

A tsakiyar shekarun 1970, ARPANET, kakar intanet ɗin yau, ba ta wuce haɗakar wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, galibinsu a Amurka, kuma kowace hidima a kanta da nata harshen. Mai son aika fayil sai ya koyi ƙa'idojin aika fayil, mai son shiga wata kwamfuta daga nesa sai ya koyi wasu daban. Duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar hidima dole ya zauna ya tsara yadda za a yi sallama, yadda za a gabatar da buƙata, da yadda za a ce an gama ko an kasa. James White na cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya ya ga wannan maimaici bai da amfani. A 1976 ya fitar da takardar da aka sa wa lamba RFC 707, inda ya ba da shawarar a bar manhaja ta kira wani aiki da ke cikin wata kwamfutar kamar yadda take kiran ayyukan da ke cikinta.

Ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, ga abin da ake nufi. Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce. Marubucinta yakan yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta da aikinta: wannan tana lissafa haraji, waccan tana duba ko kalmar sirri daidai ce. In ana buƙatar ɗaya sai a ambaci sunanta, a miƙa mata abin da za ta yi aiki a kai, a jira amsa. Wannan shi ne kira, kuma babu abin da mai rubuta manhaja ya saba da shi kamarsa. Burin White shi ne kiran ya tsallaka waya ba tare da ya sauya kama ba.

Wanda ya raɗa wa abin suna ya kuma ba shi jiki shi ne Bruce Nelson, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Carnegie Mellon a 1981. Sunan da ya ba shi ake taƙaitawa RPC, wato kiran aiki daga nesa. A 1984 shi da Andrew Birrell, dukansu a cibiyar Xerox PARC, suka wallafa bayanin yadda suka gina shi a zahiri. Dabararsu ita ce wakilci. A gefen mai kira akwai ɗan wakili mai ɗauke da sunan aikin gaskiya. Manhaja tana kiransa kamar yadda take kiran kowa, shi kuma ya ƙunshe saƙon ya tura ta waya. A can gefen wani wakilin ya kwance ƙunshin, ya kira aikin gaskiya, ya ƙunso amsa ya mayar. Ba mutum ke rubuta wakilan ba, wata manhaja ce da suka kira Lupine take samar da su. Har yau, duk wani tsarin RPC a kan wannan fasali yake tafiya.

Birrell da Nelson ba su ɓoye iyakar abinsu ba. A ma'auninsu kiran nesa mafi sauƙi ya ɗan haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kusan ninki ɗari na kiran cikin gida. Sun kuma faɗi alkawarin da za su iya ɗauka: in amsa ta dawo, an yi aikin sau ɗaya tak, in ba ta dawo ba, wataƙila an yi, wataƙila ba a yi ba.

A cikin wannan "wataƙila" duk rigimar shekaru arba'in take. Ka aiki yaro kasuwa da kuɗi, rana ta faɗi bai dawo ba. Bai isa ba ne, ko ya isa ya biya hanyar dawowa ce ta gagare shi? In ka sake aika wani da wasu kuɗin, ƙila ka biya sau biyu. Kiran cikin gida bai san wannan matsala ba, domin in kwamfutar ta mutu, da mai kira da wanda aka kira tare suke mutuwa. A kiran nesa ɗaya na iya mutuwa ɗaya na raye yana jira. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a wurin mai POS alhali takarda ta fito da cewa ciniki bai yiwu ba, ya ga wannan matsala da idonsa: buƙata ta isa, an aiwatar, amsa ta ɓace a hanya.

Masana sun yi magana da wuri. A 1988 Andrew Tanenbaum da Robbert van Renesse a Amsterdam suka rubuta suka a kan tsarin gaba ɗaya. A 1994 ma'aikatan kamfanin Sun su huɗu, Jim Waldo da Geoff Wyant da Ann Wollrath da Sam Kendall, suka fitar da gajeriyar takarda wadda a ganina ta cancanci kowane ɗalibin kwamfuta ya karanta ta. Hujjarsu ita ce kiran nesa ya bambanta da na gida ta fuska huɗu: jinkiri, rashin ma'ajiya guda da ɓangarorin biyu ke gani, cin karon masu kira da yawa a lokaci ɗaya, da mutuwar wani sashe alhali saura na aiki. Wanda ya ɓoye wa marubuci waɗannan bambance-bambance bai kawar da su ba, ya dai hana shi shirya musu.

Kasuwa ba ta tsaya saurare ba. Kamfanin Sun ya riga ya gina nasa RPC ɗin, ya ɗora masa NFS, tsarin raba fayiloli da ya mamaye duniyar Unix. Ƙungiyar OMG ta fitar da nata tsarin, CORBA, a 1991, Microsoft ta zo da DCOM, Java ta zo da RMI a 1997. Dukansu sun yi aiki a cikin ginin kamfani guda, inda wayoyin naka ne kuma kwamfutocin naka ne. Da aka fito da su filin intanet sai suka ci karo da katangar tsaro. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba da saƙo ke shiga ta cikinsu, kuma waɗannan tsare-tsare suna son a buɗe musu ƙofofi da yawa, wasu ma sai a lokacin kira ake zaɓar lambarsu. Masu tsaron kamfanoni suka ƙi, kuma tarihi ya gaskata su: a Agustan 2003 tsutsar kwamfuta mai suna Blaster ta bi ta wani rauni a RPC na Windows, ta ƙofa ta 135, ta shiga kwamfutoci bila adadin. Ƙofa ɗaya ce kowa ya bari a buɗe, ta 80, wadda shafukan yanar gizo ke bi.

Nan ne labarin ya shigo gidan yanar gizo. A Fabrairun 1998 hukumar W3C ta amince da XML, hanyar rubuta bayanai da alamomi wadda mutum zai iya karantawa, na'ura ma ta iya. A wannan shekarar Dave Winer na kamfanin UserLand ya zauna da Don Box da wasu injiniyoyin Microsoft, Bob Atkinson da Mohsen Al-Ghosein, suka tsara yadda za a rubuta sunan aiki da abubuwan da za a miƙa masa cikin XML, a tura ta HTTP, ƙa'idar da shafukan yanar gizo ke tafiya a kanta, kamar yadda ake tura fom ɗin da aka cike a shafi. Aikin ya maƙale a cikin Microsoft. Winer bai jira ba, ya saki abin da aka cimma a cikin manhajarsa ta Frontier da sunan XML-RPC.

Ƙarfin XML-RPC ƙanƙantarsa ce. Ƙa'idojinsa ba su wuce 'yan shafuka ba. Nau'o'in bayanai takwas ne kacal: cikakkiyar lamba, lamba mai ɗigo, i ko a'a, rubutu, kwanan wata, ɗanyen bayani, jeri, da ƙunshi mai sunaye. Adireshi ɗaya ake tura komai, sunan aikin yana cikin saƙo. Mutum ɗaya zai iya karanta ƙa'idojin da safe, kafin magariba ya rubuta abin da zai yi magana da su a harshen kwamfutar da ya iya. Haka kuwa aka yi. Fredrik Lundh ya rubuta na Python, wanda ya shiga kayan harshen na asali a fitowa ta 2.2 a ƙarshen 2001. Blogger ta buɗe hidimarta ta wannan hanya a 2001, Winer ya faɗaɗa ta da MetaWeblog a 2002, marubuta suka samu damar rubuta maƙala a manhajar da ke kan teburinsu su tura ta shafinsu ba tare da buɗe burauza ba.

Masu ƙera tsarin ginin manhajar yanar gizo, wato kayan aikin da ke ɗauke wa marubuci wahalar karɓar buƙata da mayar da amsa, sai suka shiga gasar sauƙaƙawa. Zope, wanda ya taso daga aikin Jim Fulton, ya fi kowa nisa: a wurinsa duk aikin da marubuci ya rubuta wa ɗan bayani a samansa, kuma sunansa bai fara da alamar ƙasan layi ba, ya zama abin da za a iya nema daga waje, ta burauza ko ta XML-RPC, sai dai dokokin izini su hana. A Apache Axis na Java, sauya wa fayil ƙarshen suna zuwa jws a ajiye shi a babban fayil ɗin shafi ya wadatar. A ASP.NET na Microsoft, wanda ya fito a 2002, kalma ɗaya ake ɗorawa a kan aiki, WebMethod, tsarin ya samar da adireshi da takardar bayanin hidima har da shafin gwaji. Abin da a zamanin CORBA ke cin makonni ya koma layi ɗaya. Ban raina wannan ci gaba ba ko kaɗan, domin shi ya ba ƙaramin kamfani da ɗalibi mai kwamfuta ɗaya damar yin abin da a da sai manya. Amma wannan layi ɗaya ba ya kama da buɗe ƙofa ga duniya a idon mai rubuta shi, alhali shi ne ainihin abin da yake yi. Bruce Schneier, masanin tsaro, ya yi wannan ƙorafi tun 2000: an gina katanga don a hana kiran nesa shigowa, sai aka koya wa kiran ya sa rigar shafin yanar gizo ya wuce.

Abin da ya maƙale a Microsoft ya fito daga baya da sunan SOAP. An miƙa fitowa ta 1.1 ga W3C a Mayun 2000 da hannun IBM a ciki, ta 1.2 ta samu amincewa a 2003. Aka ƙara masa WSDL don bayyana hidima, da UDDI don a yi rajistar hidimomin duniya wuri guda, sannan ƙa'idoji suka yi ta haihuwar ƙa'idoji: na tsaro, na tabbatar da isar saƙo, na ciniki, na adireshi. Ba banza aka yi su ba, amsoshi ne ga tambayoyin Waldo. Sai dai sun yi yawan da ba mai iya riƙe su a ka, kuma sau da yawa hidimar da kayan wani kamfani suka samar ba ta jituwa da kayan wani. Bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati sun rungume shi, da yawansu na kansa har gobe. Matasan yanar gizo kuwa suka juya baya.

Sun samu madogara a kundin digirin Roy Fielding na 2000 a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Fielding na cikin waɗanda suka tsara HTTP, kuma tsarin da ya kira REST bayani ne na dalilin da ya sa yanar gizo ta iya girma. A wannan tunani ba a fallasa ayyuka, abubuwa ake ba adireshi, kowane da nasa, sannan a taɓa su da 'yan umarnin da kowa ya san halinsu. Karantawa ba ta sauya komai, don haka ana iya ajiye amsarta a hanya a sake ba wani. Gogewa ko maye gurbi, in an maimaita, sakamakon ɗaya ne, don haka in amsa ta ɓace ana iya sake turawa ba fargaba. RPC ta HTTP kuwa komai a ƙunshe yake cikin buƙata iri ɗaya, na'urorin da ke tsakani ba su san wanne ne tambaya wanne ne biyan kuɗi ba.

Guguwar ta juya cikin shekaru biyu. A Janairun 2006 IBM da Microsoft da SAP suka rufe babbar rajistar UDDI. A Disambar wannan shekara Google ta daina ba da sabbin makullan hidimar bincikenta ta SOAP. A Disambar 2007 tsarin ginin Ruby on Rails ya kai fitowa ta 2.0, David Heinemeier Hansson da abokan aikinsa suka cire sashen da ke fallasa SOAP da XML-RPC daga cikin kayan asali, suka ɗora REST a gurbinsa. Django, wanda ya fito daga wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a 2005, bai taɓa sa fallasa RPC cikin kayansa na asali ba, ya bar wa masu ƙari.

Wasu ba su bi ayari ba. Massimo Di Pierro, malami a Jami'ar DePaul ta Shikago, ya fitar da web2py a 2007 da nufin koyarwa, kuma tsarinsa ya ɗauki matsayar cewa aikin daban, harshen da za a kira shi da shi daban. Marubuci ya rubuta aikinsa sau ɗaya, ya ɗora masa alama a sama: ta XML-RPC, ta JSON-RPC, ta SOAP, ko ta AMF da manhajojin Flash ke ji. Dukansu ta mashiga guda suke wucewa, kuma a kan wannan mashiga ake ɗora sharaɗin shiga da kalmar sirri. Wannan ya fi tsarin Zope aminci, tunda ba abin da ke fita sai wanda aka yi wa alama da gangan. Duk da haka alamar fallasawa da alamar tsaro biyu ne, kuma ana iya sa ta farko a manta ta biyu, komai ya yi aiki lafiya a gwaji.

Bashin wannan sauƙi ya fara zuwa tun 2005. A farkon shekarar masu kula da Python suka fitar da gargaɗi cewa ƙaramar uwar garken XML-RPC ɗinsu tana barin mai kira ya bi sunaye masu ɗigo ya kai ga cikin manhajar da ba a yi niyyar nuna masa ba. A tsakiyar shekarar aka gano cewa fitattun kayan XML-RPC na PHP suna ɗaukar abin da baƙo ya turo su haɗa shi cikin umarnin da za su aiwatar, ma'ana baƙo na iya sa uwar garke ta yi abin da ya ga dama. Manhajoji da yawa sun kwafi waɗannan kaya cikin nasu, don haka raunin ya bazu, kuma kafin ƙarshen shekara tsutsar Lupper tana yawo tana neman su.

Babu inda labarin ya fi tsawo kamar WordPress, manhajar wallafa shafuka. Fayil ɗinsa mai suna xmlrpc.php shi ne hanyar da manhajojin waya ke bi su wallafa rubutu, shi ne kuma ke karɓar sanarwar pingback, wadda wani shafi ke aikowa ya ce ya ambace ka. An daɗe ana barin wallafawa daga nesa a kashe sai mai shafi ya kunna, amma daga fitowa ta 3.5 a Disambar 2012 aka bar ta a kunne ga kowa. Ga yadda pingback yake: in aka ce maka shafi kaza ya ambace ka, uwar garkenka za ta je can ta duba ko gaskiya ne. Mugu sai ya aika wa dubban shafuka sanarwar ƙarya, duk yana nuna adireshin wanda yake son kayarwa, su kuma su ruga can gaba ɗaya. A Maris ɗin 2014 kamfanin tsaro na Sucuri ya ba da rahoton hari irin wannan da aka yi da shafukan WordPress sama da 162,000, masu su ba su san ana yaƙi da su ba. A 2015 aka ga wata dabarar. Akwai aiki mai suna system.multicall da aka ƙirƙira don rage jinkiri, yana ba da dama a ƙunshe kira da yawa cikin buƙata guda. Masu fasa kalmar sirri suka riƙa cusa ɗaruruwan gwaji a ciki, mai gadin da ke ƙirga buƙatu yana ganin ɗaya. WordPress ya toshe wannan, ya kuma kammala shigo da hanyar REST a fitowa ta 4.7 a Disambar 2016, amma tsohon fayil ɗin yana nan, saboda cire shi zai karya kayan da suka dogara da shi. Ma'ajiyar manhajojin Python, PyPI, ta sha irin nata: a Disambar 2020 kiraye-kirayen bincike ta XML-RPC suka yi mata yawan da ta rufe wannan hidima, umarnin pip search ya daina aiki daga lokacin.

Duk wannan zai sa a zaci RPC ya mutu. Bai mutu ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: mutane da ayyuka suke tunani. Aika kuɗi, soke oda, sake kunna na'ura, duk aikatau ne, kuma tilasta musu zama abubuwa masu adireshi wani lokaci wahala ce kawai. Yawancin abin da ake kira REST a kasuwa ma kiran aiki ne da aka yi wa adireshi mai kyau, Fielding da kansa ya koka da haka a 2008. JSON-RPC ya fito a 2005, ya ajiye nauyin XML, fitowarsa ta 2.0 ta zo a 2010. Da shi ake magana da manhajar Bitcoin da ta Ethereum, da shi editocin rubuta manhaja ke magana da masu duba harshe ta ƙa'idar da Microsoft ta fitar a 2016. A cikin manyan kamfanoni kuwa ba a taɓa barinsa ba. Facebook ta saki Thrift a 2007. Google ta daɗe tana tafiyar da cibiyoyinta da wani tsari na cikin gida mai suna Stubby, ta saki Protocol Buffers a 2008, sannan gRPC a 2015 a kan HTTP/2.

Bambancin wannan zubi da na shekarun 1990 shi ne ya daina riya cewa nesa kusa ce. A gRPC mai kira na iya sa wa kowane kira wa'adi, wa'adin ya bi shi zuwa duk hidimar da aka kira a madadinsa, ana iya soke shi a tsakiya, kuma akwai lambobin kuskure da ke bambanta "ban same shi ba" da "lokaci ya ƙare". Kamfanonin biyan kuɗi irin su Stripe suna karɓar lambar shaida ta musamman tare da kowace buƙata, ta yadda in aka sake turo ta saboda amsa ta ɓace, za a gane ta a mayar da amsar farko maimakon a cire kuɗi karo na biyu. Wannan ita ce amsa ta gaskiya ga "wataƙila" ɗin Birrell da Nelson, kuma ba tsarin gini ne ke bayar da ita kyauta ba, sai marubuci ya zauna ya yi tunanin kowane aiki: in an kira shi sau biyu me zai faru, kuma wa ya halatta ya kira shi.

Tsare-tsaren ginin yanar gizo ma sun komo ga RPC. A Oktoban 2023 Next.js ya kai fitowa ta 14 da abin da ya kira Server Actions a matsayin tabbatacce: marubuci ya sa kalmomi biyu a saman aiki, ya kira shi daga shafin da ke cikin burauza kamar yana gefensa, tsarin ya ƙera wakilan ya buɗe mashigar a ɓoye. Littafin jagorarsa ya gargaɗi marubuta su ɗauki kowane irin wannan aiki a matsayin mashigar da kowa a intanet zai iya taɓawa, su duba izini a cikinsa. A ranar 3 ga Disamba 2025 masu kula da React, wanda Next.js ke tsaye a kansa, suka sanar da rauni a sashen da ke kwance ƙunshin saƙon da ake aiko wa irin waɗannan ayyuka. An ba shi maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, domin baƙon da bai da kalmar sirri na iya sa uwar garke ta aiwatar da umarninsa, kuma ya shafi har manhajojin da marubutansu ba su fallasa aiki ko ɗaya da hannunsu ba. An fitar da gyara tare da sanarwar, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanonin tsaro suka fara ba da rahoton hare-hare a kan waɗanda ba su sabunta ba.